Gadar Zakara Mai Takobi da Gemun Uban Amarya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Walƙiya, masu ƙera wasannin gem na talabijin,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Mwadkon Gyang, wanda ya cinye wasanku Zakara Mai Takobi kashi na ɗaya a zama guda a 1993. Da kashi na biyu ya fito, na sayi kaset ɗin a kasuwar Terminus, na rantse a gaban abokina Musiliu mai gyaran rediyo cewa reza ba za ta taɓa haɓata ba sai an ga ƙarshensa. Yau gemu ya sauko har ƙirji. 'Yata Dina za ta yi aure ranar Asabar, kuma uwarta Magadaliya ta ce ba zan shiga hoto da wannan tsintsiyar ba.

Ga ƙorafina cikin ladabi.

Na ɗaya: gadar mataki na huɗu. Wane injiniya kuka ba kwangilarta? Ina gudu tana rushewa, in na yi tsalle jemage ya make ni. Kuma zakara ne fa, ranka ya daɗe, da fukafukansa! Me ya sa yake faɗawa ruwa kamar buhun dankali?

Na biyu: rai uku kacal, in sun ƙare a koma farko. Kun taɓa gwada shi da sanyin Jos, yatsu a sandare? Sau biyu na kusa hayewa aka ɗauke wuta.

Na uku, shi ya fi ci mini rai. Jiya Magadaliya ta ɗora gwate, ta ce bari ta ga abin da ya cinye mata miji. Ba ta iya danna maɓallin gudu ba, sai ta taka gadar a hankali kamar mai shiga coci. Gada ko motsi! Kafin gwate ya nuna ta gama wasan, ta ce, wai shi ke nan? Haba, ranka ya daɗe. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Yanzu Musiliu ya kafe cewa rantsuwa tana nan, tunda ba hannuna ba ne. Ni kuwa ranar aurenmu fasto ya ce mun zama ɗaya. Ina roƙon alfarma ku aiko takarda mai hatimi kafin Juma'a, ku tabbatar nasarar mata ta miji ce. 'Ya ɗaya gare ni, kuma ina so in tsaya kusa da ita a hoton nan.

Naka mai biyayya, har gemu yana sharar ƙasa,

Mwadkon Gyang
Nasarawa Gwom, Jos