Ranar da Na Yi wa Tagella Riga

Ba zan taɓa mantawa da ranar girkin lekol ɗinmu ba, wato makarantarmu, kuma ko na so in manta, mutanen Arlit ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga kasuwa sai an samu wani mara kunya cikin tsoffin 'yan ajinmu ya ɗaga murya daga bayan tebur ya ce, "Madam Leda, guda za a sa miki ko biyu?" Sai in yi dariyar yaƙe in wuce abina. Me zan ce? Wanda ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Bari in fara gaya muku ko wace ce ni a lokacin, don ku san ba zaluntata aka yi ba. Ina ajin ƙarshe na kwaleji, kuma ni ke zuwa ta ɗaya. Babana ɗan Damagaram ne, aikin ma'adinai ya kawo shi, kullum da safe motar ma'aikata ke zuwa ɗaukarsa. Muna zaune a gidajen ma'aikata, da famfo, da firigo, wato firiji, da murhun gas, ni kuwa na ɗauki wannan gas ɗin tamkar wata sarauta da na gada. Ga tsafta har ta zama ciwo. Ba na zama kan benci sai na goge shi da hankici, ba na shan ruwa a kofin kowa, kuma in yarinya ta ce mini a kan itace suke girki sai in ce "Ayya!" kamar ta gaya mini an yi musu rasuwa. (Na sani. Ba sai kun faɗa ba.)

To, a shekarar Madam Hadiza, malamarmu ta tattalin gida, ta ɓullo da wani aiki. Za a raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya dafa abincin wani yanki na ƙasa, a gayyato iyaye su ɗanɗana. Aka rubuta sunayen abinci a 'yan takardu aka zuba cikin hula. Ina ta addu'a dambu ya faɗo mana, ko alkaki, abin da na iya ko ido rufe. Da na buɗe takardarmu sai na ga an rubuta tagella.

Ga wanda bai sani ba, tagella burodin Abzinawa ne na daji. Garin alkama ne da gishiri da ruwa, a kwaɓa, a hura wuta kan rairayi, in ya ɗau zafi a ture garwashi a binne ƙullun ciki. A ciki fa, tsirara, babu tukunya babu faranti. Da Madam ta gama bayani na ɗaga hannu na ce, "Madam, wannan girki ne ko jana'iza?" Aji ya kwashe da dariya, na ji daɗi har cikin raina. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Aghali.

Aghali Ba'abzine ne, dogon yaro shiru-shiru daga Gougaram, yana zaune a gidan kawunsa direba don ya yi karatu, kuma a rukuninmu ya faɗo. Ko makaho ya san shi ya kamata ya riƙe mu. Amma da aka ce a zaɓi shugaba, kafin kowa ya buɗe baki na riga na ɗauki biro na rubuta sunana.  Shi ya hau kabu-kabu ya tafi can bayan gari, cikin wata ƙorama da ta bushe, ya ciko buhu da rairayi mai laushi. Shi ya nemo itacen da ya dace. Ni kuwa na rubuta sunan rukuni da kyakkyawan rubutu a jikin kwali, na zana masa furanni.

Ana gobe girki ya tare ni bakin ƙofar aji. Ya ce, "Shugaba, gobe kakana zai zo."

Na ce, "To, madalla, sai a ba shi kujera."

Ya ce ba wannan ba ne. Tsohon ya riga ya yanke cewa daga wannan shekara karatu ya ƙare, Aghali zai koma wajen raƙuma. A ganinsa lekol ba ta koya wa yaro komai sai raina gidansu da mance abin da ya iya. Da ƙyar kawun ya shawo kansa ya zo ya gani da idonsa kafin ya rufe magana. Aghali ya ce, yana kallon ƙasa, "In ya ci tagellata ya ji ba ta canza ba, wataƙila ya bar ni in shiga lise, babbar sakandare. Ina son karatun nan, wallahi."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma nan take na ƙudura a raina sai na taimake shi. Da na san irin taimakon da zan yi, da na kwanta ciwon kai a gida.

Washegari filin lekol ya cika da hayaƙi da hayaniya. 'Yan dambu na can, 'yan fanke na can, masu kilishi sun sayo nasu a kasuwa suna ta rantsuwa su suka yi. Aghali ya baza rairayinsa a gindin katanga, ya hura wuta a kai, ya zauna ya kwaɓa ƙullu har gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya fasalta shi ya yi faɗi kamar faifai. Daidai lokacin da garwashi ya yi jajir sai aka aiko cewa motar Gougaram ta iso tasha, tsohon kuma bai san hanya ba.

Aghali ya dube ni, ya dubi ƙullun. Ya ce, "Ki ture garwashi gefe, ki yi ɗan rami, ki sa, ki rufe da rairayi, ki mayar da garwashi sama. Shi ke nan. Kada ki ƙara komai."

Na ce, "Haba Aghali, ni za ka koya wa girki?"

Ya tafi da gudu. Na tsuguna na ture garwashi, na yi ramin, na ɗauko ƙullun. Sai na tsaya. Ga ƙullu fari tas, ga ƙasa. Kuma wai direktan lekol zai ci, babana zai ci, baƙo daga nesa zai ci. Zuciyata ta ce, ke 'yar gidan gas, a gabanki za a ba mutane ƙasa? Ai bawan Allah bai san hanyar zamani ba ne, ki gyara masa ba tare da kin kunyata shi ba. Na buɗe jakata na ciro baƙar leda sabuwa, na sa ƙullun ciki na ƙulle. Sai na ga kamar ta yi shara-shara, na ƙara ta biyu. (Wannan ta biyun ita ce har yau ba a yafe mini ba.) Wata 'yar rukuninmu ta ce, "Anya kuwa?" Na ce da ita, "Wa ke zuwa ta ɗaya a ajin nan?"  Na binne, na rufe, na karkaɗe hannu ina jin kaina kamar likita.

Ba a jima ba wani wari ya fara tashi. Madam Hadiza ta wuce tana toshe hanci, ta ce, "Me ke ƙonewa haka?" Na ce mata ai maƙwabta ne ke ƙona shara a bayan katanga, mutane ba su da tsafta. Da bakina na faɗa.

Sai ga Aghali da kakansa. Tsoho ne siriri, rawani ya rufe masa fuska sai idanu, yana tafiya a hankali kamar filin nasa ne. Direkta ya taso ya tarbe shi, iyaye suka biyo baya, har da babana da sabuwar shaddarsa, aka kewaye wutarmu. Aghali ya tsuguna, ya ɗauki sanda ya ture garwashi don ya juya tagella. Ya tona. Ya sake tonawa. Abin da ya ɗago, jama'a, ban san sunansa ba. Baƙi ƙirin, yana naso, yana zare-zare kamar kwaltar da rana ta narkar, rairayi ya manne masa ko'ina, wari kuwa har wata mata ta ja da baya tana salati.

 Tsohon ya daɗe yana kallon abin. Ya yi wa jikansa magana da Tamajaq, yarensu, a hankali, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga yadda kafaɗun Aghali suka sauka. Sannan ya juya wajen direkta ya yi Hausa don kowa ya ji. "Yaron nan tun yana shekara takwas yake toya tagella. Wannan ne kuka koya masa?" Ya ja rawaninsa sama har gindin ido. "Mota gobe zai koma. Da mu biyu."

Aghali bai kalle ni ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ya san sarai wa ya yi, kalma ɗaya za ta wanke shi, amma ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, na yi shiru. Na dubi babana, na dubi direkta, na tuna ni ce ta ɗaya, na ce a raina ai ba wanda ya gani sai yarinya guda, ita ma tsorona take ji. Tsohon ya juya ya fara tafiya. Taku ɗaya, biyu, uku.

"Baba! Ni ce!"

Muryar ta fito kamar ta akuya da aka taka. Ya waiwayo. Na ce, hawaye da majina sun haɗu (ina hankicin yake a ranar, oho), "Ba shi ba ne. Ya ce kada in ƙara komai. Ni na sa shi cikin leda."

Tsohon ya dawo har gabana. "Leda? Don me?"

"Don kada ƙasa ta taɓa shi."

Wani ya fara ƙyaƙyatawa daga baya, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka. Babana ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Na roƙi ƙasar da na raina ta tsage in shige, ta ƙi. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, da Hausarsa da kowa namiji ne a cikinta, "Kai yarinya, da ƙasa aka yi ka. Ranar da za a mayar da kai ciki, leda nawa za ka sa?"

 

Sai ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, ya ƙi kujerar da aka kawo masa. Ya ce a nemo gari. 'Yan fanke suka ba mu ragowar nasu. Ya nuna Aghali ya ce, "Kai kada ka taɓa. Da baki kawai. In karatu ya ba ka wani abu, koya wa wannan." Aka kwashe rairayin da na ɓata, aka zuba sauran na buhu, aka sake wuta. Ni da ba na zama kan benci sai na goge, na durƙusa cikin toka da farar rigata ina kwaɓa, Aghali na tsaye a kaina yana cewa, "Ƙara ruwa. A'a, ya yi yawa. Danna da gindin hannu." Kuma duk abin da ya ce sai in ji bakina na cewa "To." Da hannuna na sa ƙullun tsirara cikin rairayi, na ƙone yatsa biyu.

Da ta nuna aka ciro, na karkaɗe ta, na ɗauraye da ruwa kaɗan yadda ya ce. Ko ƙwayar rairayi ba ta manne ba. Tsohon ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurara, ya gutsura, ya sa ƙarƙashin rawani ya tauna. Muna tsaye kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Can ya ce wa direkta, "Gishiri ya yi kaɗan. Amma ku riƙe shi. Na ga garin nan da jahilai, suna bukatar malami."

Da haka Aghali ya shiga lise. Yanzu malamin makaranta ne a can wajensu, kuma duk wanda ya tambaye shi sirrin karatunsa sai ya ce albarkacin wautar wata 'yar Damagaram ne. Ni kuwa na fito da yatsu biyu a ƙone, da sunan da ya bi ni har ɗakin aure, da darasi guda: abin da ka tarar mutane na yi tun kaka da kakanni, in ba ka gane shi ba, ka tambaya kafin ka gyara. Hausawa na cewa gyaran gangar Abzinawa, amma a lekol ɗinmu kowa ya san wadda ta yi wa Abzinawa gyaran.

Da aka tashi bikina, ana buɗe kayan gudummawa gaban dangin miji, sai ga wani ƙulli mai nauyi daga Gougaram. Na buɗe da murnata. Rairayi ne mai laushi, mudu guda. An ƙulle shi cikin baƙar leda, an kuma ƙara ta biyu.