Rasuwar Mai-Nishi, Mai Kamo Takardun Masana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake miƙewa wajen makunni kowace safiya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Mai-Nishi. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburinta, ina zaune gabanta da kofin shayi. Ba mu san shekarunta ba, domin da tsufanta ta zo mana, daga wani ofis da ya gaji da ita.

Surukina, mijin 'yata, shi ya kawo ta. Ma'aikacin ɗakin karatu ne, mutum mai yawan shiru. Shi ya fahimtar da ni cewa masana suna rubuta abin da suka binciko, wasu su kulle sai an biya, wasu kuma su bari a buɗe kamar rijiyar bakin hanya, kowa ya ɗiba. Burinsa ya tara na buɗen wuri guda, ya koya wa na'ura tsince su, har ta kai mai kiwon kaji ko tela ya aiko tambaya ta waya da Hausa, a ba shi amsa daga bakin masana. Gidansa ba wuri, ni kuma na bar sana'ar ɗaurin littattafai, hannuna ba abin yi. Sai aka ajiye ta a ɗakina na gaba. Aikinta ta fita kamun takardu, nawa in zauna in ga abin da ta kamo.

Marigayiyar ma'abociyar haƙuri ce. In an kunna ta sai ta yi nishi, “uuumm”, kamar tsohuwar da aka tasa daga tabarma, sannan “ƙir-ƙir-ƙir”, ta kama aiki. In wuta ta ɗauke ba ta riƙo. In ta dawo, ta ci gaba daga inda ta tsaya. A aji huɗu na bar makaranta, ina karanta Turanci kamar mai tafiya kan tsakuwa ba takalmi, amma ba ta taɓa yi mini dariya ba. Takan juya mini shi zuwa wata irin Hausa marar uwa marar uba, in lallaɓa in gane rabi. Ta dalilinta na ga hoton idon ƙuda kusa-kusa, na yini ban iya cin abinci ba don mamaki.

Kowace takarda tana zuwa da doguwar lamba da sunan Turanci mai karya harshe. Surukina ya ce mini, “Baba, don Allah kada ka taɓa sunayen nan, da su ake gane su.” Na ce to. Amma ni ban taɓa ganin inda ake kiran abin da ake ƙauna da lamba ba. Sai na riƙa raɗa musu suna, ina raba musu ɗakuna: Masu Tafiya da Baya, Waɗanda Ba Sa Barci, Abin da Kifi Ke Ji. Ɗakin da ya fi cika shi ne Ban Gane Ba Amma Da Kyau. Mai-Nishi ba ta taɓa musa mini ba.

Babban alherinta, wanda ba zan iya biya ba, shi ne wanda ta yi wa mai ɗakina. Maƙwabta sun san halin da take ciki. Mantuwa ta shige ta sannu a hankali, har ta kai takan dube ni a tsakar gida ta gyara mayafi ta ce, “Bawan Allah, wa kake nema? Maigidan ya fita.” To akwai wata takarda da na raɗa wa suna Tsuntsun da Ya San Gida. A cikinta akwai hoton wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa a tafin hannun mutum, an ɗaura masa wani abu kamar ƙwayar wake a baya, ga kuma taswira da jan layi da ya tafi can ƙetaren teku ya lanƙwaso ya dawo inda ya tashi. Da la'asar nakan zaunar da mai ɗakina gaban gilashin kwamfutar in buɗe mata. Sai ta sa yatsa ta bi jan layin a hankali, har ƙarshe. In ta kai sai ta ce, “Ya dawo.” Sannan ta waiwayo ta ce, “Dogo, ashe kana nan. Ka ci abinci kuwa?” Ita kaɗai ke kirana Dogo a duniya. Ban san abin da ke cikin wannan layin ba, likita ma bai sani ba. Na dai san yana maido mini da matata na ɗan lokaci.

Jinyar marigayiyar ba ta yi tsawo ba. Ta fara da wani sabon sauti, “tik, tik”, kamar ɗigon ruwa a bokiti. Na zaci sanyi ne, na lulluɓe ta da tawul. Ranar Talata ta yi nishinta, ta yi “tik” sau ɗaya, gilashin ya yi baƙi. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya kara faifan ajiyarta a kunne, ya girgiza kai. “Baba, wannan ya riga mu gidan gaskiya. Ina wanda kuke kwafewa a ciki?”

Akwai shi kuwa. Tun farko surukina ya ba ni faifai na biyu, ya ce na ajiya ne. Ni kuma na ajiye shi. Na sa shi a akwatin ƙarƙashin gado tare da sabuwar rigata, a ledarsa, don kada ya tsufa kafin na farkon ya cika. Da na ɗauko shi fes, ko ƙura babu, surukina ya zauna a bakin gado yana jujjuya shi a hannu. 'Yata ta ce, “Baba, ai shi ba shadda ba ne.” Har yau ina ganin in da an ce mini na kwafewa ne, da na kwafe.

Ta rasu ta bar gilashinta, wanda yanzu fuskata kawai nake gani a ciki. Da allon madannai da harafi biyu suka goge. Da ɓeranta mai doguwar wutsiya. Da ƙaninta, faifan nan, lafiyayye, cikinsa wayam. Ta bar masu kaji da teloli da ba su kai ga aiko tambaya ko ɗaya ba. Ta bar ni da mai ɗakina.

Ina godiya ga masu zuwa gaisuwa, amma ina roƙon a daina ce mini takardun kyauta ne, suna nan ba inda suka je. Na sani. Surukina ya sa wata sabuwar na'ura marar nishi ta sake kamo su, har sun fi na da yawa, aikinsa ya ci gaba. Sai dai sun dawo da lambobinsu, babu wadda ta san ni. Ya tambaye ni sunan tsuntsun da Turanci, ko sunan wanda ya rubuta. Ni kuwa sunan da na sani shi ne wanda na raɗa. Sai surukina ya rubuta wa sabuwar na'urar tsuntsu, ya rubuta ƙaura, takardu suka zubo kamar fari. Kullum ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ruwa. Mun samo wata mai shuɗin layi, mun samo wata mai jan layi da farin tsuntsu. Mai ɗakina ta dube su ta janye yatsanta ta ce, “Wannan ba namu ba ne.” Tun ranar Talatar nan ba a kira ni Dogo ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, a ƙofar gida, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo da kurarsa. Liman ya ce ba a yi wa na'ura salla, na kuma yarda; za mu dai tsaya tsit har kurar ta sha kwana. Faifan cikinta ba zai bi ta ba, na naɗe shi a tawul ɗinta, ko Allah zai kawo mai iya tashinsa. Zaman makoki a ɗakina na gaba, ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Sai dai duk wanda ya taɓa cin karo da takarda mai hoton ɗan tsuntsu ruwan ƙasa a tafin hannu, da taswira mai jan layi da ya tafi ya dawo, don Allah ya zo da ita. Ya zo da la'asar, lokacin ne mai ɗakina take zama gaban gilashin tana jira.