Yaƙin Alhaji Tanimu da Reshen Wardi

Da sunan Mai fitar da fure daga cikin ƙaya muke buɗe tarihin gwarzon mazaje, Alhaji Tanimu ɗan Jatau ɗan Barau Mai-Kuza, wanda kakansa ya haƙe duwatsun Bukur har suka nemi afuwa, ubansa ya gaji haƙa, shi kuwa ya gaji kujera. Toron giwan sashen ma'aikata, dodon masu neman ƙarin girma, rijiya gaba dubu wadda fayil ke faɗawa ba a ƙara jin ɗuriyarsa; sadaukin da ranar ritayarsa ma'aikata suka yi walima ba su gayyace shi ba, ya koma gidansa a Jos ya rasa wanda zai mulka sai Hajiya Lantana, ita kuwa ba ta mulkuwa.

Asalin fitinar kuwa, maƙwabcinsa Malam Haladu, tsohon malamin gona, yana da furannin wardi a ƙofar gidansa, dattawan majalisa ba sa wucewa sai sun tsaya sun yi tasbihi. Abin ya tsaya wa Alhaji a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Rannan ya miƙe a gaban jama'a ya yi alwashin zai shuka wardin Dimashƙa, wanda sarakunan Sham ke shaƙa, mai ƙamshin da zai binne na Haladu da ransa. In ya kasa, ya sallama masa kujerarsa mai matashi ta tsakiyar majalisa, wadda tun da aka ƙera ta ba ta san nauyin kowa ba sai nasa.

Ya ɗaura ɗamara, ya hau tsohuwar Fijo mai tari kafin ta gaisa, ya dira kan masu sayar da shuke-shuke a bakin titi. Nan ya tarar da rundunonin wardi sahu-sahu cikin baƙaƙen ledoji, ya shiga duba faretinsu, hannu a baya. Wardin nan mai hawa katanga, Alhaji ya kira shi ɗan leƙen asirin maƙwabta. Gajerun nan masu ƙananan furanni cunkus kuwa, ya ce masinjoji ne. Wani ja wur, mai kai ɗaya ƙato, ya sunkuya ya shaƙa bai ji komai ba, ya ce wannan darakta ne, ga rawani ba ilimi. Daga ƙarshe hancinsa mai albarka ya faɗa kan wani ruwan hoda mai ganyen fure ninki-ninki, ƙamshi ya buge shi har ya dafa mota. Ya kamo shi ganima, ya dasa a ƙofar gida daidai inda Haladu zai gani in ya fito alwala.

Damina ta sauka, takin kaji ya yi aikinsa, sai ga tawaye a cikin daula: itace ɗaya, rassa iri biyu. Daga ƙasan wani ƙulli da ke gindin, wasu zaratan rassa suka ɓullo, kore shar, ganye bakwai-bakwai, ƙaya kamar haƙoran zarto, suna rige-rigen kama katanga. Daga saman ƙullin kuwa reshe ɗaya ne tak, ɗan jaja-jaja, ganye biyar-biyar, yana tafiyar hawainiya. Alhaji ya kafa kujera ya zauna shari'a. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaga masu hayaniya yana danne masu aiki shiru, hukunci bai yi masa wuya ba: zaratan su ne jinin sarauta, rarraunan nan bare ne mai shan takin gwamnati a banza.

Ya zaro almakashin ɗinkin Hajiya daga kube, ya ja da baya, ya yi kirari: "Sai ni Tanimu na Jatau, wuta gaba wuta baya! Yau ko ni ko kai, munafiki!"

Aka yi gumurzun da tsuntsaye suka bar unguwa. Zaratan da ya zo karewa su suka fara kai masa sara: ɗaya ya cafke hular, ɗaya ya tsarge babbar riga daga aljihu har gwiwa, ɗaya ya buɗe masa babban yatsa. Daga cikin gida aka ji muryar Hajiya: "Alhaji, almakashina!" Bai waiwaya ba, don jarumi ba ya amsa kiran mata a fagen fama. Ya kutsa, ya datse rarraunan daga tushe, ya ɗaga shi sama jini na bin hannunsa, ya wurga a kwata.

Da itacen ya yi fure, Alhaji ya tara majalisa da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo shayi. Ga abin da aka tarar: wasu 'yan furanni farare, falle biyar-biyar, kowanne bai fi maɓallin riga ba. Alhaji ya durƙusa ya shaƙa, ya sake shaƙa da ƙarfi, ƙaramar tururuwa ta bi iska ta shige hancinsa, ya yi atishawar da ta kakkaɓe rabin furannin.

Malam Haladu ya tsuguna ya shafa ƙullin nan, ya ga sabon tabo a samansa.

"Alhaji, ina reshen da ke nan?"

"Na hukunta shi."

"Ai shi ne ɗan Dimashƙan. Aure ake yi musu, a ɗora na kirki a kan gindin na daji, kamar mahayi a kan jaki. Ka sare mahayin, ka yi damina guda kana yi wa jaki hidima."

Ba wanda ya yi dariya sai da Haladu ya gyara matashin kujerar Alhaji, ya zauna, ya ce a ƙaro masa sukari.

Itacen kuwa yana nan ya cinye katanga. Hajiya Lantana ta ce ba ta taɓa samun wurin shanya tsumman goge-goge mai riƙo kamarsa ba.