Sifili a Kan Surukai

Wani mutum ne a ƙauyenmu, bayan garin Cianjur, yana da zakara mai doguwar cara da yake kaiwa gasa. Son da yake wa zakaran nan, matarsa ma tuni ta haƙura. Sai ga danginta sun zo Sallah daga birni, mota shaƙe, suka baje kaya. Sallah ta wuce, ba mai zancen tafiya. Kullum sai kaji biyu sun faɗa tukunyar miyar kwakwa.

Ran nan ya tarar da 'yarsa Nengsih, 'yar ƙaramar sakandare, ta ja layi a takarda ya gangaro ƙasa.

"Wannan fa?"

"Aikin gida ne, Baba. Da kajinmu na yi misali. Kullum biyu ke raguwa, shi ya sa layin ya miƙe samɓal."

"Can ƙarshe fa, inda ya dungure?"

"Zakaranka ne. Ranar Laraba."

Ya waiwaya ya kalli zakaransa. "Ke, ba ku da wani lissafin mai daɗin ji?"

"Akwai na lamba mai ɗauke da ƙaramar lamba a ka. Malama ta ce komai yawan abu, in an ɗora masa sifili a ka, ya koma ɗaya."

"Komai yawansa?"

"Ko miliyan ne."

Gogan naka ya tashi neman abin da ya yi kama da sifili. Ya jawo tsohuwar tayar babur, ya rataye ta da ruɓaɓɓiyar igiya a saman tabarmar da surukai ke cin abinci. Da azahar aka zauna, hannu ya shiga shinkafa, shi kuwa ya laɓe a bakin ƙofa yana jiran sakamako. Igiya ta tsinke. Taya ta faɗa miya tsundum, ta yi tsalle ta sarƙafe wuyan kawun matar.

Aka yi ta salati. Kafin la'asar kowa ya ɗaure kayansa a fusace, mota ta tashi. Saura uwar matar ita kaɗai, zaune a tsakar gida tana wasa wuƙa, idonta ƙur a kan zakara.

Ya ruga wurin Nengsih, taya a hannu tana ɗigar miya.

"Wallahi lissafinku gaskiya ne! Maza riƙe mini tsani in rataya wa kakarki."

"Kar ka wahalar da kanka, Baba. Ita ɗaya, ko sau nawa ka ɗora mata sifili, tana nan ɗayarta."