Rumbun Kwalejin Zane

Wani ne daga wani ƙauye can wajen Kunci, yana karatu a kwalejin zane-zane. Allah bai hore masa hannun zane ba. In ya zana doki sai ya rubuta "doki" a ƙasa, don kada a yi gardama. Babansa kuwa ya riga ya gaya masa, in ya kuskura ya maimaita shekara, fartanyarsa na nan rataye tana jiransa.

Shekarar ƙarshe, malaminsu Dakta Khalilu ya raba su rukuni-rukuni. Ya ce kowane rukuni ya sake fasalin tsohon ginin sashensu, ya kawo ɗan samfurin da za a ɗora a tebur. Wanda ya faɗi, sai baɗi.

Dakta ya ce, "Matsalar ginin nan kun san ta. Gara na cin takardu. Awaki na shigowa aji. Ɗalibai na sulalewa ta ƙofar baya ana tsakar lacca. Ku magance min su, kuma da kayan gida."

Mutuminku ya faɗa rukuni ɗaya da Ramlat da Abdulhadi. Ramlat na da bikin yayarta a hutun Sallah, Abdulhadi zai je taya kawunsa awo a Dawanau. Suka dube shi.

Ya ce, "Ku tafi abinku. Ginin da gara ba ta hawa, akuya ba ta shiga, abin ciki ba ya fita? Ai tun ina goye muke da shi a gida."

Ramlat ta ce, "Ka tuna fa aikin haɗin gwiwa ne. Kada ka yi abin da zai kunyata mu."

Ya ce, "Haɗin gwiwa kuma ni za a koya wa?"

Yana isa gida ya raba goro, ya kira gayya. Washegarin Sallah motocin a-kori-kura biyu suka sauke mutan ƙauye a ƙofar sashen, da makaɗi, da ƙorai na fura. Maigadi ya taso zai yi faɗa, aka miƙa masa ludayi. Kafin la'asar shi ke kwaɓa ƙasa.

Ran da aka dawo hutu, kowane rukuni ya shigo da ɗan gidansa na kwali a hannu. Dakta ya ce, "Ina naku?"

Mutumin ya ce, "Yana waje, Malam. Tebur ba zai ɗauka ba."

Aka fita. Ga rumbun laka ƙato, zaune daram a kan duwatsu, ya fi ofishin shugaban sashe tsayi. Jinkarsa na gefe a ƙasa. Kaji har sun tare a ƙarƙashi. Ramlat ta dafe kai tana salati. Abdulhadi ya fara lallaɓawa baya.

Dakta ya zagaya, ya sake zagayowa. "Ina ƙofa?"

"Ƙofa ita ke kawo akuya, Malam."

"Taga fa?"

"Taga ita ke kawo kallon waje."

"To a ina za a yi zanen? Cikin duhu?"

"Ai ya fi. Ba mai satar amsa."

"Ɗaliban ta ina za su shiga?"

"Ta sama. A zuba 'yan aji huɗu a ƙasa, 'yan aji ɗaya a kai."

Dakta mutum ne mai ƙa'ida, ba ya ba da maki sai ya ga cikin gini. Ya naɗe babbar riga, ya hau tsani, ya leƙa bakin rumbun. Bai ga komai ba. Ya ƙara miƙa wuya. Hularsa ta faɗa. Ya kai hannu zai cafe, sai ji aka yi tim!

Kaza ɗaya ta fito daga ƙarƙashi ta koma.

Can sai murya ta taso daga ciki, kamar daga rijiya. "Kai! Ta ina ake fita?"

Mutumin ya washe baki, ya dubi 'yan ajin. "Kun ji ko? Malam da kansa ya kasa sulalewa."

"Ku fito da ni! Wallahi sifili zan ba ku! Sifili, ku ukun!"

Ramlat ta fashe da kuka. Abdulhadi ya ruga neman igiya. Mutumin kuwa, fartanyar nan ta gilma masa a ido. Ya sosa ƙeya. Sai ya janye tsanin a hankali, ya yafito wasu ƙarti biyu, ya nuna musu jinkar.

Ramlat ta ce, "Me za ka yi kuma? Ba ka ji sifili ya ce ba?"

Ya ce, "Na ji. Yanzu kaka ce, farashin komai a faɗe yake. Ku kama mu rufe shi, sai damina mu buɗe mu ga ko makin ya tashi."