Ranar da Na Ɗora Ɗana a Sikelin Masara

Ba zan taɓa mantawa da wannan ranar ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, sai dai yanzu na san haushin wa nake ji.

Ɗana Sadiku, ɗan shekara tara, ya fara haki in ya ɗan yi tafiya. Ni kuwa akwai fargaba (ko atishawa yaro ya yi sai na tofa masa addu'a), sai na kai shi asibiti a Bungudu. Malamar asibiti ta auna shi, ta rubuta nauyinsa a takarda ta ba ni, ta ce, "Malam, ƙibar yaron nan ta yi yawa. A rage masa lemo da soye-soye, a bar shi ya yi wasa."

Haka kawai! Ko tubarkalla ba ta ce ba. Yaron da na hana ƙwallo don kada ya karye, yaron da dangi ke yaba ni a kansa, shi za a yi wa baki a gabana? Na ce mata sikelinsu ne ya lalace, zan kawo mata awon gaskiya.

Na ja shi sai kasuwar Gusau, wajen Alhaji Mamman mai awon masara, don na yarda da sikelinsa. (A hanya na saya masa awara da lemo biyu, wai don ya huce.)

"Alhaji, auna mini shi."

"Mi za a auna? Yaron?"

Aka sauke buhu, Sadiku ya hau. Alhaji ya duba sikeli, ya duba takardar asibitin da ke hannuna, ya ce, "Malam, ai ragi matar nan ta yi maka."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wanga sai mutum biyu ka iya aza shi mota!"

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga Sadiku ya sunkuyar da kai, kwalbar lemo a hannunsa, hawaye na ɗiga a rigarsa. A hankali ya ce, "Baba, haka suke yi mini a makaranta."

Ban taɓa sani ba. Kuma da hannuna na kawo shi.

Washegari na koma Bungudu na ba malamar haƙuri. Yanzu Sadiku na buga ƙwallo da la'asar, ni ina bakin fili ina tofa addu'a kada ya karye. Na dai koyi abu ɗaya: in sikeli ya faɗa maka abin da ba ka so, kada ka je neman wani a gaban 'yan dako.