Gas ɗin Baban Dinah

Wani ne a can Godogodo. Sunansa kam ba za ku ji a bakina ba, don har yanzu ina cin gwaten acca a gidansa, kuma ban shirya dainawa ba. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya faɗa da kowa. Ciwonsa guda ɗaya ne tak: in ya ji magana mai kyau, rabinta yake ɗauka ya ruga da gudu, ya bar wa mai maganar sauran.

Wata Lahadi bayan sujada, Fasto ya ce kowa ya zauna, an yi baƙuwa. Madam Stella ce, malamar gona daga Kafanchan. Ta ce itace ya kusa ƙarewa a daji, hayaki yana cin idon mata, gas kuma kullum tsada yake ƙarawa kamar an aike shi.

Ta ce, “Alhali kuwa gas yana nan a ɗakin dabbobinku, kuna sharewa kuna zubarwa. Kashin alade da ruwa, a zuba a duro, a rufe ruf. Bayan sati uku iska za ta taru, a ja tiyo zuwa kicin, a kunna. Ba hayaki, ba sare itace, ba kuɗi. Sai dai gida ɗaya yana bukatar aladu kamar shida kafin…”

Ina. Mutumin naku ya riga ya miƙe, hannu a sama.

“Ikkilisiya, ku zama shaida. Daga yau an daina ƙona itace a gidana.”

Aka tafa masa. Madam Stella ta ce, “Sannu Baba. Aladu nawa ne da kai?”

“Ɗaya ne, Madam. Amma yana cin na shida.”

Matarsa Tamar tana layin zumuntar mata. Ta dai sunkuyar da kai ta shiga gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Ranar Litinin ya ɗauki tukunyar gas ɗinta ya kai Kafanchan ya sayar. Ya dawo a kan mashin da duro, da tiyo, da wani ƙaton tub na tayar tirela inda iskar za ta riƙa taruwa. Itacen da Tamar ta tara tun rani ya kwashe kaf ya ba maƙwabcinsa Levi. Duwatsun murhu uku ma bai bar su ba, ya mirgina su ya jefa a rafi, wai kada Shaiɗan ya jarabci gidan.

Tamar ta ce, “Baban Dinah, to sati ukun nan me za mu ci?”

“Garin kwaki mana. Ai shi ba ya neman wuta.”

“Ka dai san ranar Asabar ta ƙarshen wata mai zuwa mutanen Clinton za su zo gaisuwar Dinah. Daga Sabon Tasha za su taso, mutanen birni ne, uban yaron ma tsohon hedimasta ne. In ka sa na ji kunya a gabansu, ni da kai ne.”

Dinah ɗin ita ce ɗiyarsu ɗaya tilo, Clinton kuma saurayin da zai aure ta. Baban ya daki ƙirji ya ce ranar nan surukai za su ga abin da ko a Kaduna ba su taɓa gani ba.

To, Allah da ikonsa, bayan sati uku abu ya kama. Ya murɗa, ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya shar. Mutumin nan har da hawaye. Ya fita ya kira rabin unguwa. Aka ɗora ruwan shayi, ruwa ya fara ƙananan ƙwayaye, yana shirin tafasa, sai wuta ta yi fut ta ɗauke. Haka aka sha shayin nan da ɗumi-ɗumi, kowa yana cewa ya yi daɗi don kunya.

Da ni ne, a nan zan koma in tambayi Madam Stella sauran maganar. Shi kuwa sai ya zauna ya yi nazari, ya gano laifin aladen ne, ba ya ƙoshi.

Daga ranar aladen nan ya zama maigida. Dusa, ganyen dankali, ragowar doya, har tuwon da Tamar ta roƙi wuta a gidan Levi ta tuƙa, sai alade ya fara ci kafin a raba. Mutumin naku kuma yana biye da shi da shebur duk inda ya sa ƙafa. Alade ya tsaya, shi ma ya tsaya. Alade ya ɗaga wutsiya, ka ga fuskarsa ta washe kamar wanda cittarsa ta yi kyau. In kuwa aladen ya yi tunani ya fasa, sai ka ji yana lallashi.

“Haba ɗan'uwa, yi ƙoƙari mana. Ko na shayi ne.”

Rannan alade ya ɓalle ya shiga gidan Levi, ya yi abinsa a tsakar gida, lafiyayye kuwa. Sai ga mutumin da shebur, ko sallama babu.

“Levi, kada kowa ya taɓa. Gas ɗina ne.”

Levi yana zaune yana ɓarar gyaɗa. Ya ce, “Wa ya ce zai taɓa?”

“Na san ka. Jiya na ga kana leƙen durona.”

“Wari na bi, maƙwabci, in ga ko wani abu ne ya mutu. Kwashe kayanka. Ga na awaki can ma, na ba ka gyara.”

Ya kwashe har da gyaran, ya yi godiya.

Da sati ɗaya ya rage, ya kafa doka: ba mai kunna gas sai ranar baƙi. Aka koma garin kwaki. Tub ya yi ta kumbura, ya yi ta kumbura, har ya cika tam a bayan kicin. Kullum da safe sai ya je ya shafa shi. Clinton ya zo gaishe su, mutumin naku ya zagaya da shi ya nuna masa, ya ce ya je ya gaya wa babansa gidan da zai yi aure suna da injin gas nasu na kansu, ba ruwansu da gidan mai.

Asabar ta zo. Da sassafe Tamar ta wanke acca, ta gyara kayan miya, ta ce, “Saura nama. Ka hau mashin ka je kasuwa ka sayo na shanu mai kyau. Ni da Dinah za mu je kitso, ba za mu daɗe ba.”

Suna fita ya zauna ya fara nazarin nan nasa. Zuwa kasuwa sai an ƙona fetur, hayaki ke nan. Nama sai an ƙulla shi a leda, ƙazanta ke nan. Ga uwa uba tsada. Kuma ya tuna Madam Stella ta ce a riƙa cin abin da ke gida, ya fi araha, ya fi lafiya. Ya ɗaga kai ya duba abin da ke gida. Abin da ke gida yana kwance a inuwa, ya yi ɓul-ɓul, wata guda yana cin tuwon mutane.

Ya leƙa ta katanga. “Levi, zo da wuƙarka.”

Levi ya zo, ya kalli alade, ya kalli duro, ya kalli mutumin. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna mai yanka yana da kaso. Ya rufe bakinsa.

Da aka gama yanka Levi ya ce, “Bari in kawo itace a babbake gashin.”

“A gidan nan? Bayan alkawarin da na yi gaban ikkilisiya?”

“To tsohuwar taya.”

“Ka ji ka. Baƙin hayaki kake so mu tura wa Allah? Jawo tiyon nan.”

Suka jawo tiyo tsakar gida, suka kunna. Gaskiya babbaka ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba. Fata ta yi ja, ba toka ba warin taya. Suka juya shi dama, suka juya shi hagu, suka bi kunnuwa da ƙafafu a tsanake. Mutumin yana ta murna, tub kuma yana ta lotsawa a bayan kicin ba wanda ya waiwaya. Suka sassara nama, suka cika babbar tukunya, Levi ya ɗauki kasonsa ya yi gaba da sauri.

Sai ga Tamar da Dinah, kai ya sha kitso. Tamar ta ga tukunya cike da nama, ta ce, “A'a, Baban Dinah, yau kam ka fita kunya.” Ta zuba ruwa da albasa, ta ɗora, ta murɗa, ta ƙyasta ashana. Ashana ta cinye har ta ƙona mata yatsa. Ta ƙyasta ta biyu. Ta leƙa bayan kicin, ta ga tub shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma.

“Ina gas ɗin da muka sha garin kwaki sati guda muna tarawa?”

“Kwantar da hankalinki, Maman Dinah. Yanzu za a samo wani.”

Ya sunkuci shebur ya nufi ɗakin alade da saurinsa. Ya tura ƙofa. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye a wurin nan, har kaza ta zo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa.

Tamar ta sake buɗe tukunyar ta duba da kyau. Ta ga kunne. Ta gane kunnen. Dinah ta fashe da kuka, ta ce shi ke nan an kashe mata aure. Uwar kuwa ta ɗaura zani za ta ruga gidan Levi roƙon itace, sai ga hon ɗin mota a ƙofar gida. Baƙi sun yi sammako, bas guda cike, mata da anko.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru, aka yi addu'a, aka gaisa. Mutumin naku yana gaisawa da mutane da shebur a hannun hagu, ya manta bai ajiye ba. Malam Andrawus, uban Clinton, ya gyara tabarau ya ce:

“Kafin mu shiga maganar da ta kawo mu, Clinton ya cika mana kunne da labarin injin da ke ba ku gas kyauta. Ni ma ina so in yi irinsa a Sabon Tasha. Don Allah a nuna mini shi.”

Baban Dinah ya kalli sama. Tamar ta shiga kicin, ta ɗauko tukunyar da hannu biyu, ta dire a gaban Malam, ta buɗe murfi.

“Shi ne wannan a tukunya, Baba. Wuta yake jira.”